Kafin a zargi masu gida, motar shara ta zo?

A ƙarshen shekarun 1990, cikin sharar da ƙananan hukumomin yankin Wales na Birtaniya ke kwashewa, kusan kashi 5 cikin 100 kacal ake sake sarrafawa. Akasarin sauran rami ake kai shi a binne. Yau abin ya haura kashi 65, alhali maƙwabciyarsu Ingila ta fi shekara goma tana jan ƙafa a wajen kashi 44, ko da yake yadda ɓangarorin biyu ke lissafi ya ɗan bambanta.

Mutanen Wales ba su wayi gari sun fi na Ingila tsafta ba. Abin da ya canja shi ne wanda aka ɗora wa nauyi. A 2010 gwamnatin yankin ta kafa doka da ta gindaya wa ƙananan hukumominta 22 ma'auni hawa-hawa: kashi 58 zuwa 2016, kashi 64 zuwa 2020, kashi 70 zuwa 2025. Wadda ta gaza ana iya cin ta tarar fam 200 kan kowane tan da ta kasa cikawa. Wato bulalar a kan hukuma ta fara sauka, kafin a je ga uwargida a kicin. A ganina nan adalcin tsarin yake.

Da hukumomi suka ga abin zai taɓa aljihunsu, sai suka daina dogaro da fosta da jawabi, suka koma kan aikin. Aka raba wa gidaje akwatuna da buhuna: na takarda da kwali daban, na kwalba daban, na gwangwani da roba daban. Ragowar abinci aka ba ta ɗan bokitinta mai murfi, ana zuwa ɗauka duk mako, a kai ta inda za ta ruɓe a samu iskar gas ta yin lantarki, abin da ya rage manoma su zuba a gona. Sannan aka matse babban kwandon da ake jibga komai a ciki. Daga mako-mako ya koma mako biyu-biyu, wasu wuraren uku, har ƙaramar hukumar Conwy ta mai da nata sau ɗaya a mako huɗu a 2018. Mutane sun yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya: mai jarirai biyu ina zai kai ƙunzugu na wata guda? Sai hukumomi da dama suka ware wa ƙunzugu kwasa ta daban. Wanda ya ware shararsa ya huta, wanda ya ƙi kuma kwandonsa ya cika ya bar shi da wari.

Ba na cewa komai ya gyaru. Lissafin Wales har da tokar da ake samu bayan an ƙona shara, abin da ke ɗan kumbura alƙaluman, kuma birni kamar Cardiff mai gidajen haya na bene da ɗalibai masu yawan tashi ya daɗe a baya. Amma mai gida a can ya san ranar da mota za ta zo, kuma tana zuwa. Da wannan ne hukuma ta samu bakin cewa a raba mata kwalba da kwali.

Mu a nan an juya abin. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a aikace jihohi ne suka riƙe shi, ta hannun hukumominsu irin su REMASAB a Kano. Damina na faɗuwa, leda ta toshe kwata, ruwa ya shiga gidaje, sai a hau rediyo ana cewa jama'a ba su da tsafta. To, matar da ta share gidanta ta cika bokiti, ta ba almajiri ya zubar, ina aka nuna masa ya kai? Zuba shara a kwata zalunci ne ga maƙwabci, babu mai musun haka. Sai dai wanda ya karɓi haraji bai ajiye mazubi ba, bai turo mota ba, shi ma yana da kaso a alhakin, kuma nasa ya fi girma.

Abin haushin ma, aikin da Wales ta kashe kuɗi ta koya wa jama'arta, mu muna da masu yin sa tuntuni. 'Yan gwangwan da 'yan bola jari ba sa barin ƙarfe ko gorar ruwa ta kwana a juji, domin sun san kuɗinsu a kan sikeli. Ana kuka da ɓata-garin cikinsu masu sace murfin kwalbati da wayar lantarki, kuma kukan yana kan hanya. Amma ƙaramar hukumar da ta yi musu rajista, ta ba su kati da safar hannu, ta raba musu unguwanni da ranaku, ta samu ma'aikatan da ba sai ta biya su albashi ba. Abin da zai rage mata shi ne ragowar abinci da toka da leda, kuma biyun farko manoman bayan gari sun daɗe suna sayen su a matsayin taki.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kamata duk ciyaman da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi wace rana ce ta kwashe shara a kowace mazaɓa, da kuma wanda za a kira idan motar ba ta zo ba.