Linux: Inda Rarrabuwa Ke Amfani da Inda Take Cutarwa

A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki ƙashin bayan wata manhajar sarrafa kwamfuta mai suna Linux, ya bar kowa ya leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Tun daga 2017 Linux ce ke tafiyar da dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, kuma a kanta aka gina Android. Amma a teburin ofis, har gobe Windows ke cin karenta babu babbaka.

Masu suka suna ɗora laifin a kan yawan rassan Linux. Debian ta fito a 1993, Ubuntu ta tsiro daga jikinta a 2004, Linux Mint kuma daga jikin Ubuntu a 2006. Da Debian ta rungumi tsarin systemd a 2014, waɗanda ba su yarda ba suka ware suka kafa Devuan.

Wannan 'yancin warewa garkuwa ne. A Disambar 2020 kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a kan dala biliyan 34, ya sanar da cewa zai daina kula da reshen Linux mai suna CentOS 8 a ƙarshen 2021, alhali jami'o'i da kamfanoni masu yawa sun dogara da ita. Cikin 'yan watanni AlmaLinux da Rocky Linux suka cike gurbin. Mai amfani da manhajar da kamfani ɗaya ya kulle ba shi da irin wannan mafita.

Matsalar tana wajen shigar da manhajoji. Wani reshe yana karɓar manhaja a tsarin deb, wani a tsarin rpm, ga kuma tsarin Snap da na Flatpak suna takara. Ƙaramin mai rubuta manhaja sai ya shirya abu guda sau uku ko huɗu, ko ya haƙura ya tsaya ga Windows. Torvalds da kansa ya koka da wannan a taron Debian na 2014. Mint ta toshe Snap a 2020, sannan a 2023 Canonical, kamfanin da ke kula da Ubuntu, ya sa rassan Ubuntu na hukuma suka daina zuwa da Flatpak a ciki.

Fedora, Mint da SteamOS na na'urar Steam Deck duk suna aiki da Flatpak. Ya kamata Canonical ya bi sahu, domin ɗalibin da ya ɗora Ubuntu a tsohuwar kwamfutarsa ya samu manhajar da abokinsa mai Fedora yake samu.