Notin Kulle Ba Mabuɗi Aibi Ne, Kuma Gyaransa Na Kan Mai Sayar da Mota

Duk direban da ya san hanya ya san kayan da ake dubawa kafin a tashi: safayar taya, jak, sifanar kwance taya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara. Su ne kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suke tambaya idan suka tsayar da mota. Sai dai akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce girman babban yatsa ba, wanda babu mai tambayarsa a shinge, alhali rashinsa yana mayar da duk waɗancan kaya aikin banza. Shi ne mabuɗin notin kulle. Motar da ke da irin wannan noti a ƙafafunta, ba ta kuma da mabuɗinsa, daidai take da motar da ba ta da safaya, domin tayar da ta fashe ba za ta fita ba balle wata ta shiga. A ganina, sayar da mota a wannan hali sayar da kaya ne mai aibi, kuma wanda ya karɓi kuɗi shi ya kamata ya gyara tun motar na gabansa.

Notin kulle noti ne guda ɗaya a kowace ƙafa, wanda aka ƙera kansa da wani zane na daban, ta yadda sifanar da ke kama sauran notuna ba za ta kama shi ba. Mabuɗinsa wani ɗan soket ne mai zanen da ya dace da shi kamar hannu da safa; a ɗora shi a kan notin, sannan a ɗora sifana a kansa a murɗa. Kamfanoni irin su McGard na Amurka sun fara yaɗa shi tun shekarun 1960, lokacin da wilin alminiyum masu tsada suka fara jan hankalin ɓarayi. Yana zuwa iri-iri. Akwai mai zanen lanƙwasa a goshi, akwai mai zobe a jiki wanda ke juyawa a banza idan aka damƙe shi da wani abu, akwai kuma wanda aka yi kansa ya karye idan aka tilasta masa. Motocin Japan irin su Toyota da Honda noti suke ɗaurawa a kan ƙusar da ke fitowa daga ƙafa, yayin da Mercedes da Volkswagen da Peugeot ƙusar ce kanta ake murɗawa ciki, amma dabarar kullen ɗaya ce. Kowane saiti yana zuwa da lamba a ɗan kati, wadda da ita ake yin odar sabon mabuɗi idan na farko ya ɓace.

A ƙasashen da aka ƙera motocin, ɓatan mabuɗi ƙaramar matsala ce: mai mota ya kai lambarsa wurin wakilin kamfani, ko wakilin ya gwada tarin mabuɗan da ke ajiye a wurinsa har a dace. Mu kuwa yawancin motocinmu na hannu ne. Mota ta bar hannun mai ita a Turai ko Amurka, ta ratsa wurin gwanjo, ta shiga jirgin ruwa, ta sauka a Legas ko Kwatano ko Lome, ta kwana a tashar jiragen ruwa, direban haya ya koro ta zuwa Kano ko Kaduna ko Maraɗi, sannan ta zauna a filin dillalai. A kowane zango akwai hannun da ke buɗe but da akwatin gaban mota. Ɗan ƙarfen da ke cikin leda tare da katinsa shi ne abu mafi sauƙin salwanta a wannan doguwar tafiya. Mai saye kuma idonsa na kan inji da giya da fenti da takardun kwastan. Ba kasafai yake durƙusawa ya ƙirga notuna ya ga ko ɗaya ya fita daban ba. Sai ranar da ƙusa ta soki taya gaskiya ta bayyana.

Masu ganin wannan magana ba ta kai ta kawo ba sukan ce ai makanikanmu ba su taɓa gazawa ba, kowane mai faci a bakin titi zai iya fitar da notin. Gaskiya ne ana fitar da shi, amma a duba yadda ake yi da abin da ake asara. Hanya mafi tsabta ita ce soket na musamman mai haƙora a ciki da ke cizon notin yayin da ake murɗawa baya, kuma ba kowane gareji ke da shi ba. Ko an same shi ma, noti mai zoben da ke juyawa yakan gagare shi. Abin da aka fi yi shi ne a buga wani soket da guduma har ya maƙale, ko a sa kurfi a yi ta sara, ko a huda da injin huda, ko a kira mai walda ya liƙa wani noti a kai. Kowace daga cikinsu tana da farashi. Dukan guduma yana sauka a kan boris ɗin ƙafa. Kurfi idan ya zame yana tsaga fuskar wilin da aka sa kullen domin a kare shi. Ƙusar da ta sha duka ko zafi tana iya lanƙwashewa ko zarenta ya cinye, ta riƙe na ɗan lokaci sannan ta karye a kan gudu. Walda kuwa, idan ba a cire kan batir ba tana iya taɓa na'urorin lantarkin mota, kuma zafinta kusa da taya mai iska a ciki haɗari ne da ya sha jawo fashewa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wuri da lokaci. Faci ba ya neman shawara. Mai faci da mai walda suna cikin gari, taya kuwa tana iya fashewa a tsakiyar daji a hanyar Birnin Gwari, ko tsakanin Damaturu da Maiduguri gab da magariba, ko a dogon zangon Damagaram zuwa Agadas inda gari da gari ke da nisa. Canjin taya da ya kamata ya ɗauki minti 15 sai ya koma sa'o'i, da mata da yara a cikin mota, a hanyoyin da kowa ya san tsayuwa a kansu ba abin so ba ne. Wani direban kuma sai ya zaɓi ya ja motar a kan wili har gari na gaba, ya kashe taya, ya kashe wili. Aikin da za a yi cikin natsuwa a gareji da rana tsaka, da kayan aikin da suka dace, shi ne ake yi da fitilar waya da dutse. Magabata sun riga sun yanke hukunci: ba a fafe gora ranar tafiya.

Dillali zai ce ba shi ya ɓatar da mabuɗin ba, haka motar ta zo masa, kuma kayan hannu yadda aka gan su haka ake saye. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, aibin da ido ke gani daban yake da wanda ke ɓoye. Tsagewar gilashi kowa ya gan ta, an kuma yi ciniki a kanta. Rashin mabuɗi kuwa mai sana'ar mota ne ya san a duba shi, malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya tara kuɗin shekaru don sayen motarsa ta farko bai ma san akwai irin wannan noti ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta tsaya a kan cewa kaya su dace da amfanin da aka saye su dominsa. Ta biyu, gyaran ya fi sauƙi a hannun dillali. Yana da makanikin da yake hulɗa da shi, yana kusa da kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma notuna huɗu na gama-gari ba su kai komai ba a cikin kuɗin mota na miliyoyin naira. Wanda ya iya wanke inji da goge fenti don mota ta yi kyan gani, bai kamata ya gaza wannan ba.

Akwai kuma masu cewa, tunda ana iya cire shi ba mabuɗi, kullen ba shi da amfani, a zubar da shi gaba ɗaya a huta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin babu notin da zai gagari ɓarawon da ya zo da shiri. Amma aikin kulle shi ne jinkirtarwa. Ɓarawon taya yana son shiru da sauri, guduma da walda kuwa ba sa ba shi ko ɗaya. Saboda haka wanda motarsa ke kwana a titi, da wili masu tsada, yana da dalilin riƙe kullensa. Wanda motarsa ke kwana cikin gida, rayuwarsa kuma a kan dogayen hanyoyi take, ya fi masa alheri ya koma notunan gama-gari waɗanda kowace sifana ke kamawa. Duk wanda mutum ya zaɓa daidai ne, muddin da saninsa ya zaɓa. Abin da ba shi da kariya shi ne hali na uku, wato kulle a ƙafa, mabuɗi babu, mai mota kuma bai sani ba. A nan ma akwai amanar da ke kan makanikai. Wanda ya zo neman a cire masa notin kulle, musamman idan ya ce a bi shi zuwa inda mota take ajiye, ya dace a nemi ya nuna takardun motar. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, sana'ar kuma za ta tsira daga zama tsanin ɓarayi.

Dole kuma a faɗa wa masu faci gaskiya, domin mabuɗai da yawa a hannunsu suke mutuwa. Kowane kamfani ya ƙayyade ƙarfin da ake ɗaure notin taya da shi. A ma'aunin da injiniyoyi ke kira Nm, Toyota Corolla tana neman 103, Honda Accord 108, Volkswagen Golf 120. Mutum mai nauyin kilo 70 da ya zura fayif mai tsawon mita 1 a sifana ya hau kansa da ƙafa yana ɗora wa notin kusan 690, wato kusan ninki shida zuwa bakwai na abin da ake buƙata. Haƙoran mabuɗi sirara ne, ba a yi su don wannan nauyi ba, haka nan ba a yi su don injin iska mai ɗaure noti ba. Da zarar sun goge, mai mota ya koma sahun waɗanda ba su da mabuɗi ko da yana riƙe da shi a hannu. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙusa, ya raunana ta, don haka ko ta fuskar tsaro ba riba ba ce. Sifana mai ma'auni ta cancanci gurbi a kowace rumfar faci, kuma ƙungiyoyin masu sana'ar ne suka fi dacewa su koya wa yaransu amfani da ita.

Gyaran wannan al'amari ba ya jiran kasafin kuɗi ko sabuwar doka. Ƙungiyoyin dillalan mota za su iya mayar da shi ƙa'ida cewa ba a miƙa makullin mota sai an miƙa mabuɗin noti tare da shi, ko an sauya notunan. Jami'an duba lafiyar mota, da suke tambayar jak da sifana, za su iya ƙara tambaya ɗaya. Mai saye kuma, kafin ya biya, ya durƙusa ya duba ƙafafu huɗu, ya ce a kwance masa taya ɗaya a gabansa da kayan da ke cikin but. Wanda ya riga ya saya, ya yi wannan gwaji a ƙofar gidansa cikin makon nan. Idan mabuɗin na nan, ya rubuta lambarsa ya ajiye a gida, shi kuma ya ɗaure shi tare da jak. Idan babu, ya kai motar gareji tun tayoyinta huɗu na da iska. Ranar da taya za ta fashe ba a hannunmu take ba, amma ko za ta kwantu idan ta fashe, wannan a hannunmu yake tun yau.