Araha ba ta ado: a yi lissafi kafin sayen ƙaramar mota ta hannu

Duk wanda ke bin kasuwannin kan iyaka, daga Gaya zuwa Birnin Ƙonni da Illela, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ya san wahalar da ɗan kasuwa ke sha kullum tsakanin gida da rumfa. Kuɗin kabu-kabu da na tasha suna cin riba, jiran mota ta cika yana cin lokaci, ga rana ga ƙura. Shi ya sa da zarar ɗan kasuwa ya ɗan samu sarari, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ƙaramar mota ta hannu. Ba mu ga laifin wannan buri ba. Abin da muke jan hankalin jama'a a kai shi ne, kuɗin da aka miƙa wa dillali ranar ciniki somin taɓi ne kawai. Ainihin farashin mota yana fitowa ne a gidan mai, da garejin makanike, da shingen jami'an tsaro.

Ya kamata mu fara sanin irin hajar da ake kawo mana. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari nahiyar Afirka aka kawo su. Rahoton ya ce da yawa daga cikinsu sun tsufa, ba su cika sharuɗɗan hawa hanya ba a ƙasashen da suka fito. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hanyar shigowarsu ma ta sha canji. A farkon 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru, mai saye kuma shi ya biya. Da mota da kayan gyaranta duk hanya ɗaya suke biyowa.

Abu na farko da za a auna shi ne shan mai. Shekaru da dama mutanen kan iyaka sun dogara da man bumburutu mai rahusa da ake tsallakowa da shi daga Najeriya. Tun da gwamnatin can ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan garaɓasa ta kau. A watan Maris na 2025 kuma mun ga dogayen layuka a gidajen mai na Nijar, duk da matatar SORAZ da ke Damagaram. Mu ɗauki misalin mai tafiyar kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata. Idan motarsa na shan lita 6 a kilomita 100, zai ƙona kimanin lita 62. Mai babbar mota da ke shan lita 12 zai ƙona ninkin haka. In aka ƙaddara lita a kan sefa 500, bambancin ya kai jika 31 a wata, kusan jika 375 a shekara. Wannan kuɗi jarin wani ne sukutum. Don zirga-zirgar yau da kullum, injin mai girman lita 1 zuwa 1.4 ya wadatar.

Na biyu, a sayi motar da makaniken gari ya sani, wadda kayanta ke rumfar masu kayan gyara na kusa. Ba banza ba Toyota Starlet ta cika tashoshin tasi a Yamai: ba ta da fitina, kayanta ko'ina akwai. Sai dai a tuna cewa an daina ƙera wannan tsohon samfuri tun 1999, wato mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 25. Yaris da ta gaje ta, da Nissan Micra, da tsohuwar Corolla, duk makanikanmu sun saba da su. Mai son Peugeot 206 ya sa a duba masa ƙafafun baya da kyau, ya kuma tambayi ranar da aka canza bel ɗin injin, domin idan ya tsinke a kan tafiya ɓarnar ba ƙarama ba ce. Motar da ba kowa ke da irinta ba tana da daɗin kallo, amma ranar da wani ɗan ƙarfe ya lalace sai ta yi wata guda a gareji ana jiran saƙo daga Kano. Haka nan giya ta hannu ta fi otomatik sauƙin gyara a ƙananan garuruwanmu.

Na uku, kada a yi ciniki da dare, kada kuma a tafi ba tare da makaniken da aka yarda da shi ba, wanda ba shi da kaso a wajen dillali. A tayar da injin yana sanyi, a tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin na ƙona baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa ɓarnar fetur ce. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga ya yi kamar madara, a haƙura da motar. A leƙa ƙarƙashinta, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe, sabon fenti kuma yana ɓoye tsatsa. A duba lagireto da fanka, domin motar da aka yi wa ƙasar sanyi za ta sha zafin watan Afrilu a nan. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. A guji motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Lambar kilomita da ke kan mita kuwa ba abin dogaro ba ce, ana iya mayar da ita baya. Gogewar sitiyari da kujera da fedar birki sun fi ta faɗin gaskiya.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu mutanen kan iyaka, shi ne takardu. A gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke kan takardar mallaka, harafi bayan harafi. A ga shaidar biyan kuɗin duwan, wato kwastan, ta ƙasar da motar za ta zauna, domin akwai motocin da aka shigo da su da sunan wucewa kawai, aka sauke su a hanya. Akwai kuma na sata da ake tsallakowa da su a sayar da gaggawa. Duk motar da farashinta ya faɗi ƙasa warwas, mai ita kuma yana hanzari, to akwai lauje cikin naɗi. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, a mayar da suna ba tare da jinkiri ba. Wanda zai riƙa ƙetare iyaka da ita ya nemi bayanin takardun da ake buƙata daga bakin hukuma, kada ya tsaya ga bakin ɗan kamasho.

Muna kira ga ƙungiyoyin dillalan motoci da su tsaftace sana'arsu, su hukunta masu ɓoye aibin haja, abin da addini da al'adar kasuwa duk suka hana. Hukumomi kuma su sauƙaƙa wa talaka hanyar tantance lambar mota kafin ya biya, su tabbata binciken lafiyar motoci bai tsaya ga buga hatimi ba.

Ku kuma ƴan uwa ƴan kasuwa, kada a taɓa uwar kuɗi don a burge maƙwabta. Wanda ya tanadi kuɗin mota ya ware wani abu a gefe na taya, batir, baƙin mai da inshora, tun kafin ya karɓi makulli. In lissafin bai fita ba, babur ko motar haya ba abin kunya ba ne har Allah Ya hore. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu a kan hanya.