Tsakanin Ikko Da Kano: Ina Matafiyi Zai Bi?

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, ba a rasa ɗan takarar da zai hau dandamali ya yi alkawarin farfaɗo da jirgin ƙasa. Abokin hamayyarsa kuwa sai ya ce wannan ɓarnar dukiya ce, gyaran titi ya fi gaggawa. A yi ta ka-ce-na-ce a rediyo da talabijin, a tafa, a watse. Shi ko talakan da ke da fatauci ko ɗan'uwa marar lafiya a Ikko, yana nan tsaye a tasha yana ƙirga abin da ke aljihunsa.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Jirgin sama zai kai shi cikin kamar awa ɗaya da rabi, amma sau da yawa kuɗin tikitin kan haura Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024. Mota kuwa wuni da kwana ce, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Tsohuwar hanya ta Jebba da Tegina da Birnin Gwari, direbobi da dama sun ƙaurace mata saboda 'yan bindiga, sun koma zagayawa ta Lokoja da Abuja.

Saura jirgin ƙasa, wanda a da shi ne dokin talaka. A 1911 dogo ya iso Kano, a 1912 aka haɗe ta da Ikko, tafiyar kilomita 1,126. Shi ya kwashi dalar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, shi ya kawo goro da gishiri Arewa. A 1964 layin ya kai Maiduguri. Daga nan sakaci ya shigo, har a 1979 aka ɗauko Indiyawa su riƙe hukumar jiragen na 'yan shekaru. Suna tafiya, 'yar gidan jiya ta dawo.

Ba a ce ba a yi kome ba. A 2016 an buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186, a 2021 kuma na Ikko zuwa Badun mai kilomita 157. Sai dai akwai abin da masu muhawara ba su cika faɗa wa jama'a ba. Faɗin tsohon dogo ƙafa uku ne da inci shida, na sabon kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, saboda haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Kuma tsakanin Badun da Abuja ba a shimfiɗa sabon ba. Matafiyin da ya taso daga Ikko, in ya sauka a Badun, dole ya koma tashar mota.

A nan ne gardamar layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta kauce hanya. Wasu sun ce don me za a ci bashi a kai dogo wata ƙasa? Wasu sun ce ai galibin kilomita 284 ɗin a cikin Nijeriya suke, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma cinikin Katsina da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Amma ribar wannan layi ta rataya ne ga ɗan kasuwar Nijar ya loda kayansa a tashar jiragen ruwa ta Ikko ya sauke su a Maraɗi ba tare da an juye su cikin tirela ba. Muddin tsakiyar hanya na yanke, an ɗinka wuyan riga da ƙasanta ne, an bar cikinta.

Sa'an nan ga batun tsaro. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022, ya yi sanadin rayuka, aka sace fasinjoji, aka tsayar da jigila har Disamba. Dogon da ba a tsare shi ba, ba ya raba matafiyi da fargaba.

Tun Maris na 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon gina nasu dogon, don haka mai neman gwamna ma ba shi da sauran fakewa da cewa aikin na tarayya ne. In ɗan takara ya zo da alkawari, ya kamata a tambaye shi: daga ina zuwa ina, da kuɗin wa, a wace shekara za a gama, wa zai riƙa gyara, nawa talaka zai biya? Wanda ya amsa waɗannan, a saurare shi. Wanda ya koma zagin abokin hamayya, to, ba shi da amsa ne.

Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.