Wayar Lasifika: Araha Ba Ta Ado

Tun bayan da sojojin Sudan suka karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024, suka kuma shiga Wad Madani a Janairun 2025, 'yan uwanmu Hausawa na Jazira da yankin Bulu Nayil suka fara komawa gida. Da yawa sun tarar an zare wayoyin wuta daga bango saboda tagullar da ke ciki. Yanzu mai gida da mai shago da kwamitin masallaci, kowa waya yake nema, kuma wurinmu 'yan kasuwa suke zuwa, daga Gallabat har Damazin.

Abin da muke son jan hankali a kai shi ne wayar kayan sauti. Mutum zai tara kuɗi ya sayi amfilifaya da lasifika, sai ya jona su layi ɗaya da firji ko injin ruwa. Duk lokacin da injin ya tashi sai wuta ta ja baya, sauti ya yi ƙara. Maganin shi ne a ja wa kayan layinsu daban tun daga akwatin wuta, da nasu fiyus, a kuma kafa wayar ƙasa.

Wutar Sudan bolt 230 ce. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 kuwa tana ɗaukar kimanin amfiya 20, wanda ya ishi kayan sautin gida har da saura. Saboda haka babu dalilin ɗora wa talaka wata waya mai tsada da sunan tana gyara murya. Amma inda ake aiki da batirin sola mai bolt 12, lissafi ya canza: na'ura mai cin wat 240 za ta ja amfiya 20, alhali a wutar gari kusan amfiya ɗaya take ja. A nan dole waya ta yi kauri, ta kuma yi gajarta.

Babbar matsalar ita ce wayar alminiyam da aka lulluɓe da tagulla. Alminiyam na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da tagulla ke ɗauka, ga saurin karyewa da yin zafi a mahaɗa. A ɗaki mai rufin ciyawa, wannan gobara ce. Gane ta ba wuya: a kankare da wuƙa, in ciki ya yi fari, ba tagulla ba ce.

Madatsun Sinnar da Rusairis suna kan wannan kogi da Maiwurno ke bakinsa, amma wutarsu ba ta isa ɗaki sai ta wayar da muka sayar. Wanda ya dawo daga gudun hijira ba shi da kuɗin yin wayarin sau biyu. Mu faɗa masa kaurin waya da abin da ke cikinta, in ya so ya zaɓa. Allah Ya ba mu ciniki na halal, Ya zaunar da Sudan lafiya.