Lambar Wayar Asibitin Ƙauye Ta Isa Ta Kai Majinyaci Gaban Likita

A Tanda da ke gundumar Gaya ta jihar Dosso, lambar waya ita ce adireshin mutum. Kamba ta jihar Kebbi na kusa, Malanville ta Jamhuriyar Benin na tsallaken kogin Kwara, don haka ɗan kasuwa kan yi hulɗa da lambobi masu farawa da +227, +234 da +229 a yini guda. Wanda bai taɓa buɗe imel ba ma ya haddace lambar ɗan'uwansa. Abin takaici, lambar ba ta wuce kiran murya da gajeren saƙo, sai idan wani kamfanin waje ya ɗora manhajarsa a kanta.

Wannan giɓi ya fi ciwo a harkar lafiya. Idan ciwo ya fi ƙarfin ma'aikacin jinya a asibitin ƙauye, sai a nufi Gaya, daga can Dosso mai nisan kusan kilomita 150, wani lokacin har Yamai. Kuɗin mota da na magani kuwa sau da yawa daga aljihun 'yan ci-rani na Kwatano, Legas ko Faransa suke fitowa. Da likitan Dosso zai iya ganin majinyaci ta bidiyo kafin a ɗora shi a mota, da an rage tafiye-tafiyen da ba dole ba.

Hanyar yin hakan ta daɗe da samuwa. Sunanta ENUM, ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ce ta fitar da ita a shekarar 2000, ta kuma sabunta ta a 2011. Tana aiki ne da DNS, wato littafin adireshin intanet da ke mayar da sunan shafi zuwa inda kwamfutarsa take. Ana juya lambar waya daga ƙarshe zuwa farko, a sa ɗigo tsakanin alƙaluman, a liƙa e164.arpa a ƙarshe. Misali, +227 12 34 56 78 za ta koma 8.7.6.5.4.3.2.1.7.2.2.e164.arpa. A ƙarƙashin wannan suna ake rubuta wani bayani mai suna NAPTR, wanda ke nuna adireshin na'urar taron bidiyo ta mai lambar. Mai kira ya danna lamba kawai, na'urarsa ta tambayi DNS, kiran ya bi intanet har ya isa allon da ke asibitin.

Ba kowa ke da ikon taɓa reshen ƙasa ba. Cibiyar RIPE NCC da ke Amsterdam ce ke kula da e164.arpa, kuma ba ta miƙa reshen wata ƙasa sai hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tabbatar da amincewar gwamnatin ƙasar. Ke nan makullin reshen 7.2.2 yana hannun Yamai. Lamba dukiyar ƙasa ce, kamar yadda aka gani a Benin ranar 30 ga Nuwamban 2024, lokacin da hukuma ta ƙara 01 a gaban lambobi, suka tashi daga alƙaluma 8 zuwa 10, kowane kamfani ya bi.

Wasu za su ce ai ga WhatsApp, me ake nema kuma? WhatsApp ya yi wa jama'a rana, amma shi WhatsApp kawai yake kira, kuma dokokinsa a Amurka ake rubuta su. Asibitin gwamnati bai kamata ya rataya sirrin majinyata a wayar ma'aikaci ɗaya ba, wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki ya tafi da lambarsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Gaskiya ne kuma cewa ENUM bai samu karɓuwa wajen talakawan Turai ba. Kamfanonin waya ba su ga riba a tsarin da ke kauce wa kuɗin kiransu ba, mutane kuma ba su so a baje bayanansu inda kowa zai iya dubawa. Amma inda aka taƙaita shi ga cibiyoyi, ya yi aiki. A 2006 jami'o'i da cibiyoyin bincike suka fara amfani da NRENum.net wajen kiran ɗakunan taron bidiyo na juna da lamba.

Wannan darasin ya kamata Nijar ta ɗauka. A bar lambobin ɗaiɗaikun mutane, a fara da na asibitoci, makarantu da ofisoshin magajin gari, waɗanda dama ba sirri ba ne. Hukumar ARCEP ta riƙe reshen ƙasa, ma'aikatar lafiya ta zaɓi asibitocin gwaji a gundumar Gaya, Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 ta horar da matasan da za su kula da bayanan. Dole a haɗa da lantarkin hasken rana da layin intanet mai ƙarfi, domin babu rubutun DNS da zai kunna allon da ba wuta. Rubuta bayanan aikin 'yan mintuna ne ga ƙwararre. Abin da ake jira shi ne sa hannun hukuma da kuɗin kayan aiki a kasafin kuɗi.