Ra'ayinmu: Kafin Ku Aika Da Kuɗin Jarrabawar Turanci

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha, da wuya a sami wani a cikinku wanda ba shi da ɗa ko ƙane da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma ya ɗora ido kan digiri na biyu a ƙasar waje. Yawancinsu nan Abuja suke tararrowa, domin nan ofisoshin sukolashif suke, kamar Hukumar Ba Da Sukolashif ta Tarayya da asusun PTDF. Yaro zai sauka wajen wani ɗan'uwa a Nyanya ko Mararraba ko Kubwa, bayan kwana biyu sai waya ta iske yayansa a kasuwar Mile 12 ko Agege: a taimaka a turo kuɗin jarrabawar Turanci. A kan wannan kuɗi muke so mu yi magana yau, tun da daga aljihunku yake fita.

Jarrabawar da aka fi nema ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989. British Council da IDP ta ƙasar Ostireliya da Jami'ar Kambirij su ke da ita. Masu nufin Amurka kuwa sun fi sanin TOEFL, wani lokaci a haɗa musu da GRE, wadda har da lissafi a cikinta. A watan Satumba na 2023 kuɗin IELTS a Nijeriya ya koma Naira 107,500. Kafin watan Maris na 2024 ya ƙare ya haura Naira 250,000, saboda faɗuwar darajar Naira. A shekarar 2024 ɗin ce aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Wato ke nan zama ɗaya na kusan awa uku ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata uku. In yaro bai sami makin da ake bukata ba, ba mai mayar masa da ko kwabo. In ma ya samu, shekara biyu kurum sakamakon yake aiki.

Mun san akwai masu cewa zalunci ne a ce ɗan Nijeriya, wanda ya yi karatu da Turanci har jami'a, sai ya biya an gwada Turancinsa. Ba mu ga laifinsu ba. A farkon 2022 wata ƙungiyar matasa mai suna Policy Shapers ta tara sa hannun dubban mutane ta kai kuka ga gwamnatin Ingila. Amsar da aka ba su ita ce, ba a ɗauke wa ƙasa wannan jarrabawa sai in fiye da rabin mutanenta Turanci ne harshensu na farko. A wannan shekara dai Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada ta ɗauke wa 'yan Nijeriya. A ci gaba da kukan, amma yaron da ke son tafiya bana ba zai zauna jiran hukunci ba.

To, abu na farko da ya kamata mai biya ya tambaya shi ne: wace jami'a ce ta ce a kawo? Ba kowace ce ke nema ba. Jami'o'in Ingila da dama suna karɓar sakamakon WAEC in mutum ya sami akalla C6 a Turanci, ko da yake wasu sukan duba shekarar da aka yi ta. Wasu kuma takarda daga jami'ar da yaro ya gama, mai shaida cewa da Turanci aka koyar da shi, ta ishe su. Sukolashif ɗin Chevening na gwamnatin Ingila ya daina neman jarrabawar da kansa tun 2020, ya bar wa jami'o'i. Yaro ya nuna muku sharaɗin a rubuce. Sau da yawa don ya ga abokansa sun yi ne shi ma ya ce sai ya yi.

In kuwa ta tabbata ba makawa, sai a tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Kashi huɗu ce jarrabawar: saurare, karatu, rubutu da magana. Ana ba da maki har zuwa 9, kuma yawancin darussan digiri na biyu 6.5 suke so, ba tare da wani kashi ya gaza 6 ba. Nan ne gizo ke saƙa. Yaro yana iya yin fice a karatu, kashi ɗaya ya ja shi ƙasa, duk kuɗin ya tafi.

Gaskiya ɗaya ce, yaranmu na Arewa Turancin takarda suka iya. Malami ya karanta a aji da Turanci ya yi bayani da Hausa, a jami'a a haddace abin da ya bayar a mayar masa, a fito waje a ci gaba da Hausa har a ɗakin kwana. Ba abin kunya ba ne, harshenmu ne. Amma ranar jarrabawa za a kunna masa muryar Baturen Ingila ko na Ostireliya, tambaya 40 cikin kamar minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa. Wanda bai saba ba, kafin ya gane jimlar farko an wuce ta uku.

Sashen magana ya fi ba mu tausayi. Minti 11 zuwa 14 ne, ido da ido da mai jarrabawa. A tsakiya za a ba shi batu, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, sannan ya yi ta zuba har minti biyu shi kaɗai. Mu kuwa mun tarbiyyantar da yaro cewa in babba ya tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya amsa a taƙaice. Ladabin da muke yaba masa a zaure shi ne zai rage masa maki a wannan ɗaki. Ba a ce sai ya karya harshe kamar Bature ba. In ana fahimtarsa, karin harshensa ba laifi ba ne. Abin da ake so ya saki baki, ya kawo dalili, ya ba da misali. A nan 'ya'yanku da suka tashi a Idi-Araba ko Sabon Badun sun fi na gida ƙarfin hali, amma su ma su sani buroka ba ta cin jarrabawar rubutu, inda za a nemi kalma 150 a aiki na farko, 250 a na biyu, duka cikin awa ɗaya. Ga shi jarrabawar sai komawa kan kwamfuta take yi, wanda ke buga rubutu da yatsa ɗaya lokaci zai ƙare masa.

Duk wannan ba ya gyaruwa da darasin mako biyu a wani bene a Wuse ko Garki. Akwai malamai na ƙwarai a irin waɗannan wurare, akwai kuma masu sayar da haddar amsa, alhali masu jarrabawa an horar da su gane hadda. Mafi muni su ne masu cewa a kawo kuɗi su fito da sakamako ba tare da an zauna ba. Jami'o'i suna da hanyar tantance kowane sakamako kai tsaye daga masu jarrabawar, kuma wanda aka kama da na jabu yana iya rasa gurbin da bizar gaba ɗaya.

Shawararmu ga mai biya ita ce ya riƙe kuɗinsa wata uku ko huɗu. Yaro ya koma sauraren Sashen Turanci na BBC kullum, ba na Hausa kaɗai ba. Ya sami aboki su yi alkawarin awa guda kowace rana ba Hausa tsakaninsu. Ya riƙa gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, British Council tana ba da samfurinsu kyauta a intanet. Sai ya kai makin da ake so sau biyu ko uku a gida, sannan a biya. Ya kuma tanadi fasfo tun da wuri, domin da shi ake rajista, da shi ake shiga ɗakin. Wanda ke Kano ba sai ya zo Abuja ba, can ma ana yi.

Gwamnatocin jihohinmu kuma muna da magana da su. Kano ta sake buɗe shirin tura ɗalibai waje a 2023, ta ce mutum 1,001 za ta kai Indiya da Yuganda. Madalla. Amma guraben Chevening da na Commonwealth ba na jiha ba ne, gasa ake yi da kowa a ƙasar nan, kuma ba sa cin kuɗin jiha ko sisi. Kuɗin da ake kashe wa ɗalibi ɗaya a waje zai ɗauki malamai su horar da mutum da yawa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, a kuma biya wa waɗanda suka nuna sun shirya kuɗin zama. Ƙungiyoyinku na 'yan kasuwa da fadojin Sarakunan Hausawa na nan Kudu, da suka saba tara gudummawar biki da ta jana'iza, su ma suna iya buɗe wannan asusu a taronsu na gaba.